Muryoyi Biyu a Layi Ɗaya

Tun da hantsi Zailani ke zaune gaban na'urar haɗa sauti yana mayar da zaren ɗaukar murya baya. Duk sanda ya iso wuri guda a cikin waƙar sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji, ya tsayar, ya sake komawa. Shayin da ya sayo ya huce, ƙudaje sun yi dandazo a bakin kofin, bai ko lura ba.

Ɗakin nasa yana bayan kasuwar Ƙanƙara, an lulluɓe bangonsa da katifun auduga da buhunan algarara don kada hayaniyar 'yan kasuwa da ƙugin janareta su shigo. Zamanin ne da kuɗin man fetur ya sa kowane direba ya sayi rikoda, kowane mai shayi ya rataye rediyo, makaɗa kuma kowa so yake a ji shi a faifai. Zailani ya koyo aikin a Kaduna, ya dawo gida da na'ura mai layi huɗu da girman kai daidai gwargwado.

Kowane makirufo da layinsa a jikin zaren. Sai an gama ɗauka kowa ya watse sannan aikinsa na gaske ke farawa. Ya ɗaga wannan, ya sassauta wancan, ya rage kaifin kalangu kada ya danne kukuma, har sai waƙa ta zauna daram. Daga nan ya juye ta a zare guda ya kai kamfani a buga faifai. Muryar da ya ja ƙasa kuwa, duniya ba za ta ji ta ba.

Jiya ya ɗauki waƙar mutanen Baba Mani, Sarkin Kiɗan Sabuwa. Kiɗa a layi na ɗaya. Gide, mai ba da waƙa, a na biyu. 'Yan amshi, su Gwaggo Mero, a na uku. Na huɗu kuwa ya ware shi ga Barakatu ita kaɗai, ya tsayar da ita a lungu bayan wata katifa da ya jingine tsaye, ya sa mata abin ji a kunne.

Barakatu 'yar Baba Mani ce, ita ce kuma ta hana Zailani barci tun bara. Mahaifin Zailani, Alhaji Rabo na Faskari, dillalin auduga da shanu, ya rantse ya maimaita cewa gidansa ba a auro 'yar makaɗa. Aka yi ta kai gwauro ana kai mari, baffanni suka sa baki, Hajiya mahaifiyarsa ta yi kuka har ta rame, da ƙyar Alhaji ya sauko da sharaɗi guda: muryar surukarsa ba za ta fita a faifai direbobi suna ji a tasha ba.

Zailani ya amsa da sauri. Bai gaya wa Barakatu ba. Abin da ya gaya mata shi ne murya irin tata ba ta cancanci a cakuɗa ta da ta kowa ba, shi ya sa ya ba ta makirufo nata. Ta yi ta murna, baiwar Allah, har da rufe fuska. Shi kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: in an tashi haɗawa ya ja layi na huɗu ƙasa, in ta tambaya ya ce kamfani ne suka ɓata.

To ga abin da ya tarar yau.

A layi na huɗu ta fara waƙar, muryar na rawa, tana makara wajen karɓa. Bayan baiti na biyu sai shiru. Sai ƙarar awarwaro, sai takun ƙafa yana nisa. Da ya buɗe layi na biyu, ga ta nan ɓul, kusa da Gide, kusa sosai, har ana jin suna jan numfashi tare. Muryar da ke rawa ɗazu ta miƙe ta yi zaƙi, ta nannaɗe ta Gide yadda ba mai iya cewa ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara.

Jiya bai gani ba, don ya ba su baya yana kokawa da allurar ma'aunin sautin kalangu da ke ta haurawa jan layi. Ya dai ji waƙar ta tashi ta yi armashi, har ya yi murmushi yana yaba wa kansa, wawa, bai san dalili ba.

Kuma da wani ne da sauƙi. Gide! Gide da ya tashi a gidan Baba Mani, mai wushirya da agogon da ke ƙyalli, wanda duk Sabuwa ta san shi tsohon ya so ya ba 'yarsa tun farko. Yanzu ga su a layi ɗaya. In ya ja ta ƙasa ya ja Gide, waƙa ta mutu. In ya bar Gide ya bar ta, aure ya mutu. Kuma a ƙarshen baiti na uku akwai wata 'yar dariya da suka yi tare, ƙasa-ƙasa, wadda ita ce ya yi ta komawa yana ji tun safe kamar mai sosa ƙurji.

"Salamu alaikum."

Ya san muryar, ina zai rasa saninta. Barakatu ta shigo da mayafi ruwan goro, ta bar ƙofa a buɗe, fuskarta fal da fara'a.

"Gwaggo Mero ta shiga kasuwa sayen daddawa, Yaya Gide ya tahi shan mai. Na ce bari in riga su ji. An gama haɗawa?" Sai ta dube shi da kyau. "Subhanallahi, mi ya same ka? Idonka ya yi jajir."

Ya ja sauran layukan ƙasa, ya bar na biyu shi kaɗai, ya kunna. Muryoyin biyu suka cika ɗakin, babu kiɗa, babu amshi, tsirara.

"Wa da wa ke nan?"

"Ni da Yaya Gide mana."

"A ina na tsayar da ke?"

Fara'ar ta ɗan ragu. "A lungu."

"To mi ya kai ki bakin makirufonshi?"

"Haba Malam Zailani, don wannan ne ka ɓata rai? Ka kulle ni bayan katifa, ka toshe mani kunne da wanga abu, sai nike jin muryata kamar daga rijiya. Mu ba haka muke waƙa ba. Ɗan amshi kafaɗar mai waƙa yake kallo. In ta ɗaga ka ja numfashi, in ta sauka ka karɓa. Haka Inna ta koya mani tun ban kai tsawon kalangu ba. Ta yaya zan karɓi waƙar da ban ga kafaɗar mai ita ba?"

"Ashe kafaɗarshi kike kallo."

"Kowa ma ita yake kallo, har Gwaggo Mero."

"Gwaggo Mero ba ta bar wurinta ba."

"Ai ita ba a kai ta lungu ba!"

Ya tura zaren gaba da ƙarfi, ya tsayar daidai wurin da ya haddace. Dariyar ta fito, gajeriya, mai ɗumi.

"Wannan fa? Ita ma Inna ta koya maki?"

Barakatu ta yi turus. Ambaton mahaifiyarta da ya yi a haka ya soke ta, amma ta daure.

"Tsallake baiti ya so yi, wanda anka ambaci garinsu Inna. Na taka mashi ƙahwa ya tuna. Shi ke nan abin dariyar."

"Kin taka mashi ƙahwa."

"Wayyo Allah, kai komi na hwaɗa sai ka juya shi!"

"Ni tun da nike da ke, ko gefen mayahinki ban taɓa taɓawa ba. Ina tsaye nesa ina ta girmama ki, ashe akwai wanda ake taka ma ƙahwa ana dariya. Kin san yadda na wuni? Ina zaune nan ina jin numfashinki yana haɗuwa da nashi. Na'ura ba ta ƙarya, Barakatu. A wurin da na aje ki muryarki rawa take. Kina isa kusa da shi ta warke."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Da ina son Yaya Gide da yanzu ina ɗakinshi da goyo. Wa zai hana? Baba so yake, dangi so suke. Ni na tsaya na ce sai kai. Ka san zagin da na sha a Sabuwa? Cewa ake na raina sana'ar gidanmu, na hango gidan mai kuɗi inda ko tabarma ba za a shimfiɗa ma ubana ba. Na shanye duk wannan saboda kai, yau kuma kai ne ke tuhumata a kan dariya."

Zailani ya sunkuyar da kai. Kishin bai tafi ba, ya dai ɗan matsa gefe ya ba kunya wuri.

"Kuma bari in hwaɗa maka abin da na so in ɓoye sai ranar ɗaurin aure," ta ci gaba. "Na riga na yi ma kaina alkawari. Ranar da na shiga gidanka na bar waƙa har abada, ko a biki, ko a daka. Na san irin gidanku, ba zan ja maka magana ba. Wannan guda ɗaya ce kawai na roƙa. Waƙar Inna ce, ita ta tsara ta tana da cikina. In na tsufa ina so in ɗora faifan in ce ma jikokina, kun ji, ni ma na taɓa yin murya. Shi ya sa da na ji tana lalacewa a lungun can na kasa tsayawa."

Maganar ta dake shi. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, wallahi ya buɗe, har ya ce, "Barakatu, akwai abin da..."

Sai hon ɗin Fijo a ƙofa.

Duk Faskari da Ƙanƙara babu wanda bai san wannan hon ba. Barakatu ta zaro ido. Budurwa ba ta yarda uban saurayinta ya gan ta, balle a ɗakin ɗansa, balle da hawaye a fuska. Ƙofa ɗaya ce, kuma Alhaji na bakinta. Kafin Zailani ya ce wani abu ta tattare mayafinta ta faɗa bayan katifar nan da ke jingine a lungu.

Alhaji Rabo ya shigo da sallama, babbar riga na jan ƙasa, ya ƙare wa katifun bango kallo irin na wanda har yau bai gane me ya sa ɗansa ya bar auduga ya kama wannan ba. Zailani ya ba shi kujera, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ba zama na zo yi ba," in ji Alhaji. "Goro na bayan mota. Baffanka na jirana a Daudawa, daga can mu wuce Sabuwa mu nema maka. Uwarka ta hana ni sakat. Amma ban taka ƙofar makaɗi sai na ji da kunnena. Dabarar nan da ka ce za ka yi, ta ware yarinyar a gefe don ka cire muryarta ba ta sani ba, ta yiwu?"

Katifar lungu ta ɗan motsa.

Zailani ya saci kallon lungun. Ya so ƙasa ta tsage. Ya so Alhaji ya yi magana a hankali, amma Alhaji mutumin kara ne, ya saba ciniki a tsakiyar shanu.

"Da kai nike."

"Ta... ta yiwu, Alhaji."

"To kunna."

Zailani ya tashi, ya ja layi na biyu da na huɗu ƙasa, ya kunna. Kalangu ya tashi, kukumar Baba Mani ta bi, 'yan amshi suka karɓa. Sai dai babu abin da suke karɓa. Su yi shiru, kiɗa ya yi ta tafiya shi kaɗai, su sake amsawa.

Alhaji ya karkata kai. "Ina mai waƙar?"

"Muryarshi ta haɗu da tata a layi guda. Sai an sake ɗaukar tashi."

"To ita yanzu ina take? Ta fita, ko tana ciki?"

"Tana ciki. Na danne ta ne."

"A'a." Alhaji ya girgiza kai. "Ni ɗan kasuwa ne, yaro. Abin da anka danne ana iya ɗago shi bayan an shafa fatiha. Ba a goge ta ne gaba ɗaya?"

"Ana gogewa."

"To goge."

"Alhaji, a ba ni zuwa gobe, in yi magana da..."

"Goben mi? Rana na yi, hanyar Sabuwa ka san ta. In ka goge in tahi da goro, in ba ka goge ba in mai da shi Faskari in raba ma maƙwabta. Amma tsaya. Ɗago ta in ji abin da ake ta rigima a kai."

Zailani ya mayar da zaren, ya tura layi na biyu sama. Waƙar ta cika, ta zauna da ƙafafunta. Ko Alhaji da ba ya son kiɗa sai da yatsansa guda ya yi ta motsi a kan gwiwa bai sani ba. Baiti na uku ya ƙare. Dariyar ta fito.

"Wa ke dariya da ita haka?"

"Gide ne. Yaron gidansu."

Alhaji ya dubi ɗansa, kallo mai tsawo, da ɗan tausayi a ciki, wanda ya fi zagi ciwo.

"Ikon Allah. Kai ke neman auren nan kuwa, ko shi?"

Ba zan yi wa Zailani ƙarya don in wanke shi ba. Da umarnin Alhaji ne kaɗai, da ya samu hanyar zillewa, don ya saba. Da ya ce janareta ya yi zafi, ko zare ya harɗe. Wannan tambayar ce ta gama da shi. Idonsa ya rufe, bai ƙara ganin katifar lungu ba, bai tuna jikokin da aka ambata ɗazu ba. Wushiryar Gide kawai yake gani.

Ya mayar da zaren farko. Ya zare wayar makirufo daga layi na biyu, ya danna jan maɓalli.

Gogewa ba ta yiwuwa farat ɗaya. Sai zare ya bi ta kan na'ura daga farkon waƙa har ƙarshenta, a daidai tafiyar da aka rera ta. Jar fitila ta kama, faifan zaren na juyawa a hankali, kalangu da amshi na fita ta lasifika, layi na biyu kuma na mutuwa baiti bayan baiti. A kowane lokaci yana iya ɗaga yatsa ya tsayar, ya tsira da abin da ya rage. Baiti na farko ya wuce, na Gide ne shi kaɗai, bai ji komai ba sai daɗi. Na biyu ya wuce. Aka iso inda ta shigo.

Daga bayan katifa ya ji wani ɗan sauti, irin na wanda ya cusa mayafi a baki. Kunya ta hana ta fitowa, shi kuma kishi ya hana shi tsayarwa. Yatsansa na kan maɓallin tsayarwa, ya ce a ransa bari dai dariyar ta wuce tukuna. Dariyar ta wuce. Ya ce ai an riga an ɓata. Haka zaren ya tafi har ya ƙare, wutsiyarsa na kaɗawa fat-fat.

"Madalla," in ji Alhaji, ya miƙe yana gyara riga. "Yanzu na san ɗana ne kai. Allah shi yi albarka. Ka je ka shaida ma uwarka ta kwantar da hankalinta."

Fijo ta tashi, ƙararta ta yi nisa.

Barakatu ta fito. Ta daina kuka, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Ta tsaya ta gyara mayafinta tsaf.

"Murya irin tawa ba ta cancanci a cakuɗa ta da ta kowa ba," ta ce a hankali. "Haka ka ce mani jiya. Na kwana ina maimaitawa."

"Barakatu, don Allah ki saurare ni. Saboda mu na yi. Ba ki ji ba? Ya yarda! Goro na hanya. Abin da munka shekara muna roƙo..."

"Da ka tambaye ni."

"Na ji tsoron ki ƙi."

"Da na yi kuka, da na yi fushi, wataƙila kuma da na yarda. Ni da na ba ka waƙata duka ta sauran rayuwa, guda ɗaya ce za ta gagare ni? Amma ba ka tambaya ba. Ka sa ni a lungu kana yabona." Ta dubi na'urar. "Kuma ba don Alhaji ka goge ba. Ina jin ka. Ka roƙi a bari sai gobe, sai da anka ambaci Yaya Gide hannunka ya yi ƙarhi."

Ya juya wajen na'urar kamar za ta cece shi.

"Akwai saura. Layi na huɗu na nan, baiti biyu na farko, muryarki ke kaɗai. Alhaji bai sani ba. Zan juye maki a kaset, ki aje, ba wanda zai ji."

"Wadda ke rawa?"

Ya miƙa hannu zai ɗauko kaset.

"Riƙe ta. Ai ita kake son aure."

A waje akori-kurar makaɗa ta tsaya, Gide na danna hon yana ƙwala kiran Gwaggo Mero. Barakatu ta fita ba sallama. Zailani ya bi ta har bakin ƙofa ba takalmi, yana kiran sunanta, 'yan kasuwa na juyowa suna kallo.

Kullum a baya take zama, cikin mata da kalangai. Yau ta zagaya ta buɗe ƙofar gaba, ta shiga ta zauna. Gide ya dube ta, ya dubi Zailani, murmushinsa ya ɗauke.

"Lahiya? An gama haɗa waƙar?"

"An gama," in ji ta, idonta na kan hanya. "Yaya Gide, ka ga Fijon da ta tashi yanzu? Daudawa za ta biya. Ka taka mota mu riga ta isa gida, ina da magana da Baba."